Ƙananan Gansakuka

Ƙananan gansakuka halittu ne da ido ba ya ganin ɗayansu sai da madubin ƙara girma, kuma yawancinsu ƙwayar halitta guda ce tak. Suna haɗa abincinsu da hasken rana kamar tsirrai, sai dai ba saiwa ba ganye. Sai sun taru da yawa ake lura da su: su ke mai da ruwan kududdufi kore shar bayan damina, su ne santsin da ke kama jikin randa. A Sakkwato akwai su a Tafkin Kware da madatsar ruwa ta Goronyo da fadamun kogin Rima. Wasu masana na lissafa sayanobakteriya, wato bakteriya mai haɗa abinci da hasken rana, a cikinsu, wasu na ware ta saboda bakteriya ce.

Tarihin bincike

Antonie van Leeuwenhoek, wani masani ɗan ƙasar Holan, ya hango irinsu a ruwan tafki a wajajen 1674. A 1890 Martinus Beijerinck, shi ma ɗan ƙasar Holan, ya ware wata koriyar gansakuka mai suna Chlorella ya raine ta ita kaɗai. Wannan ya buɗe ƙofa. Otto Warburg ya yi aiki da ita a Jamus daga 1919, daga baya Melvin Calvin da abokan aikinsa a Amurka suka bi sawun iskar kabon a cikinta har suka gano yadda tsiro ke mai da ita sukari, aikin da ya ba shi lambar Nobel a 1961.

Amma akwai ilimin da ya riga wannan. Matan Kanembu na yankin Tafkin Chadi sun daɗe suna kwasar Spirulina, wata irin sayanobakteriya, daga tafkunan kanwa, su zuba ta a ramin yashi ruwan ya tsane, ta bushe a rana, su farfasa ta su kai kasuwa. Sunanta dihe, ana miya da ita. Wani masani Bafaranshe, Pierre Dangeard, ya yi rubutu a kanta a 1940, ba a kula ba sai da wani masanin tsirrai, Jean Léonard, ya sake cin karo da ita a tsakiyar shekarun 1960. Fiye da rabin nauyin busasshiyarta sinadarin gina jiki ne. Abin takaici, ba kasafai ake ambaton matan nan ba idan ana tallar Spirulina a yau.

Amfaninsu ga muhalli

Kusan rabin iskar oksijin da ake samarwa a duniya daga gare su take fitowa, kuma ana jin sayanobakteriya ce ta fara cika sararin duniya da ita kimanin shekaru biliyan 2.4 da suka wuce. Karfasa na cin su. Anabaena da Nostoc, nau'o'in sayanobakteriya, na jawo naitirojin daga iska su ƙara wa gonar shinkafa taki.

Har a ƙurar hunturu akwai su. Kwarin Bodele da ke Chadi tsohon gindin tafki ne, cike da ɓawon matattun dayatom, wasu ƙananan gansakuka masu ɓawo mai tauri. Iska na kwasar wannan farar ƙura ta ratso Arewacin Nijeriya, wani kaso ma ya tsallake Atilantika.

Inda bincike ya dosa

Amurka ta yi shirin samar da man fetur daga gansakuka daga 1978 zuwa 1996. An sake ɗoki a kai bayan 2005, amma tsada ta sa manyan kamfanoni janyewa. Ana ta muhawara ko zai taɓa biyan kuɗinsa.

Hankali ya koma kan ƙwayoyin gado. An karanta na dayatom na farko a 2004, na wata koriyar gansakuka mai suna Chlamydomonas a 2007, kuma daga wannan ƙaramar halitta aka samo sinadarin da ake amfani da shi wajen kunna jijiyoyin ƙwaƙwalwa da haske. Ana kuma gwada gansakukan wajen tace ruwan ƙazanta da haɗa abincin kifi.

Illa

Idan takin zamani da ƙazanta suka kwarara cikin ruwa, gansakukan kan yi ambaliya su kashe kifi, wasu kuma na fitar da guba. A 1996 gubar ta hallaka masu wankin ƙoda da dama a Karuwaru ta Brazil. Tafasa ruwa ba ya kashe ta.