Mafakar Namun Daji ta Albagir a Sudan

Mafakar namun daji ta Albagir wuri ne da 'yan sa-kai suka kafa kudu da Hartum domin ceto zakuna da sauran namun daji da suka wulaƙanta a keji. Tana kan hanyar da ta nufi Madani, a bakin ƙasar noma ta Jazira, inda Hausawan Sudan suka daɗe da zama. An fi saninta da sunan Sudan Animal Rescue.

Asalinta wasu hotuna ne da suka bazu a watan Janairun 2020. Wani mazaunin Hartum, Usman Salih, ya shiga lambun Ƙurashi, wani wurin shaƙatawa mai kejin namun daji a birnin, ya tarar da zakuna biyar sun rame sun zama fata da ƙashi, ana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga wajen keji, ƙudaje na bin gyambunan jikinsu. Ya sa hotunan a Facebook yana neman agaji. Lokacin kuwa ƙasar na cikin matsin tattalin arziki, watanni tara bayan faɗuwar gwamnatin Umar al-Bashir, mutane ma layin burodi suke yi, balle a sayi nama don dabba. Jama'a suka riƙa kai nama da magani, amma kafin a yi nisa zakanya ɗaya ta mutu.

Daga nan ƙungiyar Four Paws mai hedikwata a Ostiriya ta turo likitocin dabbobi ƙarƙashin Dakta Amir Khalil. Jinyar dabbar da yunwa ta cinye aiki ne na haƙuri. Ba a zube mata nama lokaci guda, domin cikin da ya daɗe a wofi ba ya ɗauka, yana iya zama ajalinta. Sai a fara da ƙarin ruwa da maganin ƙwayoyin cuta, a riƙa ba da nama kaɗan-kaɗan. Zakanyar da ta fi jin jiki ta farfaɗo, sunanta Kandaka, wato laƙabin sarauniyoyin tsohuwar daular Kush, wanda aka kuma riƙa kiran matan da suka fito zanga-zangar 2019 da shi.

A 2021 aka buɗe mafakar a Albagir. Da yawa daga cikin masu aikin ba albashi suke ɗauka ba. Su ne wankin keji, su ne yankan nama da rabonsa, kuɗin kuma daga gudummawar jama'a yake fitowa. Ban da zakuna, an tara kuraye da wasu ƙananan dabbobi. Akasarinsu ba sa komawa daji, ko da yake akwai zakuna a gandun Dindir kusa da iyakar Habasha: zakin da ya tashi a keji bai iya farauta ba, kuma ya saba da mutum fiye da kima.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF ya rutsa da wurin. Wuta ta ɗauke, naman da ke ajiye ya lalace, hanyoyi suka rufe, wasu dabbobin suka mutu. A watan Nuwamban shekarar aka kwashe kusan hamsin zuwa gandun Um Barona da ke Madani. Ba su yi wata biyu ba RSF ta kama garin a Disamba, aka sake loda su a manyan motoci zuwa gabashin ƙasar, sannan aka fitar da wasu ta jirgin sama zuwa mafakar Al Ma'wa a Jodan. A Fabrairun 2024 aka wuce da zakuna 11 zuwa Lionsrock, wata mafakar manyan namun daji a Afirka ta Kudu.