Tsarin sufuri mai ɗorewa

Tsarin sufuri mai ɗorewa shi ne tsara hanyoyi, ababen hawa da matsugunan jama'a ta yadda mutane da kaya za su isa inda ake so cikin sauƙi da aminci, ba tare da an lalata muhalli ko an bar wa na baya ɗawainiyar da ta fi ƙarfinsu ba. Sufuri ne ke fitar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iskar kabon da duniya ke fitarwa daga ƙona makamashi, kuma rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna haɗurran mota suna kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara. Muradun ci gaba mai ɗorewa da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 sun tanadi sufuri mai araha ga kowa nan da 2030.

Abin da ake aunawa

Tsohon salo yana ƙirga motoci ne da gudunsu: a yi hasashen yawansu, sannan a gina musu titi. Sabon salo yana duba wuraren aiki, makarantu da asibitocin da mutum zai iya kaiwa cikin minti 30, ko yana da mota ko ba shi da ita.

Dalilin sauya ma'aunin shi ne faɗaɗa titi ba ya maganin cunkoso sai na ɗan lokaci. Da zarar hanya ta buɗe, wanda a da yake sammako don kauce wa cunkoso zai koma fita lokacin da kowa ke fita, mai hawan bas zai ɗauko motarsa, masu gidaje kuma su yi ta gini a bayan gari. Binciken da masana tattalin arziki Duranton da Turner suka wallafa a 2011 a biranen Amurka ya gano cewa tafiyar motoci tana ƙaruwa kusan daidai da tsawon layukan da aka ƙara. Akasin haka ma na faruwa: birnin Seoul na Koriya ta Kudu ya rushe gadar sama ta Cheonggyecheon tsakanin 2003 da 2005, ya dawo da rafin da ke ƙarƙashinta, cunkoson da aka ji tsoro bai auku ba.

Matakai

Masana sun jera aikin hawa uku, kuma jerin yana da muhimmanci. Da farko a rage buƙatar doguwar tafiya ta hanyar kusanto da gidaje da wuraren aiki. Sai a karkatar da tafiyar zuwa ƙafa, keke, bas da jirgin ƙasa. Inganta mota da man da take sha shi ne na ƙarshe, domin motar lantarki ba ta hayaƙi a titi, amma wurin da take ci daidai yake da na mai fetur. Layi ɗaya mai faɗin mita 3.5 yana wuce da kimanin mutum 2,000 a awa idan ƙananan motoci ne. Idan aka keɓe shi ga bas-bas, adadin yana ninkuwa sau da yawa.

Tsarin bas mai keɓantaccen layi da ya zama abin koyi ya fara ne a Kuritiba ta Birazil a 1974, lokacin magajin gari Jaime Lerner, Bogota, babban birnin Kolombiya, kuma ta buɗe nata mai suna TransMilenio a 2000. Tsarin ya dogara ga layi a tsakiyar titi da aka raba da dakali, biyan kuɗi kafin shiga, tasha mai tsayi daidai da ƙofar bas, da fifiko a danja. Nan ne ayyuka da yawa ke tuntuɓe. Idan fenti kawai aka shafa, motoci za su mamaye layin. Idan direba ne ke karɓar kuɗi, tsayuwar kowace tasha za ta yi tsawo. An kuma saba manta cewa fasinja da ƙafa yake zuwa, kuma yawanci ba ya son tafiyar da ta wuce mita 400 zuwa tashar bas ko 800 zuwa ta jirgi.

Wata dabarar ita ce kuɗin shiga tsakiyar gari. Singafo ta fara a 1975, Landan a 2003, Stockholm, babban birnin Suwidin, ta gwada a 2006 ta tabbatar a 2007, motocin da ke shiga cikinta suka ragu da kusan kashi 20 cikin ɗari. Jama'a kan tsani wannan haraji, musamman idan ba a inganta bas kafin a sa shi ba.

A ɓangaren aminci, majalisar Suwidin ta amince a 1997 da manufar kawar da mutuwa a titi baki ɗaya, bisa hujjar cewa direba dole wata rana ya yi kuskure, don haka titin ne za a gina ya jure kuskuren. Shi ya sa ake taƙaita gudu zuwa kilomita 30 a awa a unguwanni. Allo kaɗai ba ya tsayar da direba a titi mai faɗi. Sai an matse layin, an ɗaga wurin tsallakawa, an rage faɗin kwana.