Soke izinin zama da wa'adin fita ga ma'aikaci a ƙasar waje

Izinin zama shi ne takardar da ƙasa ke ba baƙo don ya zauna cikinta bisa ƙa'ida. A ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, inda mutanen Katsina da Daura da dama ke zuwa neman abinci, takardar a ɗaure take da aiki: wanda ya ɗauki mutum aiki shi ne kafilinsa, da sunansa aka fitar da izinin. Don haka ranar da aiki ya ƙare, ko sallama aka yi ko mutum ya ajiye da kansa, izinin ma ya kama hanyar mutuwa. Kwanakin da hukuma ke bari tsakanin soke takardar da ranar da dole a bar ƙasa su ne wa'adin fita. A cikinsu mutum zai sami sabon kafili, ko ya sauya nau'in biza, ko ya tattara nasa ya nasa.

Saudiyya

A nan ana kiran takardar igama, kuma hukumar Jawazat, wato ta fasfo da shige da fice, ce ke kula da ita. Idan kwantiragi ya ƙare, ana fitar wa ma'aikaci bizar fita ta ƙarshe, wadda ake cewa huruj niha'i. Kwana 60 take ɗauka daga ranar da aka fitar da ita, wani lokaci ƙasa da haka idan igamar ta kusa ƙarewa. Wanda ya bari ta mutu bai fita ba, akwai tarar riyal 1,000. Tun 14 ga Maris 2021 aka sassauta tsarin kafala, har ma'aikacin kamfani ya iya komawa wani wurin aiki bayan shekara ɗaya ba tare da yardar kafili ba, ta manhajar Qiwa. Sai dai sassaucin bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba, alhali a wannan sahu ne matanmu da matasanmu da dama suke. Wannan babban giɓi ne.

Kalmar da ta fi tayar wa ɗan ci-rani hankali ita ce hurub, wato kafili ya kai rahoton ma'aikacinsa ya gudu. A da, da an shigar da rahoton mutum ya zama mai laifi. Daga 2022 ma'aikacin kamfani da aka rubuta ya daina zuwa aiki yana da kwana 60 ya nemi wani kafili ko ya fita. Idan suka wuce, sai kamu, sai Tarhil, gidan da ake tsare waɗanda za a taso ƙeyarsu, irin na Shumaisi tsakanin Jidda da Makka. Wasunsu a filin jirgin Malam Aminu Kano ake sauke su. Duk wanda ya taɓa tarar ɗan'uwa a can ya san yanayin: mutum ya shekara biyar yana aiki, ya sauko da leda ɗaya a hannu da silifa a ƙafa, ko kuɗin motar Katsina babu sai an aiko daga gida.

Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa

Sokewar a Dubai da sauran masarautun mataki biyu ce. Ma'aikatar ƙwadago ke fara soke izinin aiki, sannan hukumar shige da fice ta soke izinin zama. A da wa'adin kwana 30 ne ga kowa. Daga Oktoba 2022 aka bambanta shi gwargwadon matsayi, har ya kai kwana 180 ga masu bizar zinariya da koriyar biza, wato bizojin dogon zama da ba sa buƙatar kafili. Bayan wa'adi, kowace rana tarar dirhami 50 ce. Wata uku kacal sun zama dirhami 4,500. An yi afuwa daga 1 ga Satumba zuwa ƙarshen Disamba 2024, wadda ta ba masu zaman da ya wuce ƙa'ida damar fita ba tara, amma afuwa ba abin dogaro ba ce, ba a san ranar zuwanta ba. Mai iyali kuma ya sani, bizar matarsa da 'ya'yansa a ƙarƙashin tasa suke, in za a soke tasa, sai an soke tasu ma.

Inda ake yawan tuntuɓe

Na farko shi ne ƙidayar kwanaki, wadda ba ta bin ranar da ke rubuce a jikin kati. Kati na iya nuna saura shekara guda, alhali an soke shi a kwamfuta tun makon jiya. Abin dubawa shi ne takardar sokewa, ko manhajar Absher ga na Saudiyya. Dangi a gida sukan ce wa mutum ya daure ya ƙara wata ɗaya ko Allah zai kawo wani aiki. Da kyakkyawar niyya ake faɗa, amma shawara ce mai tsada idan ba wanda ya ƙirga kwanakin da suka rage.

Na biyu shi ne sa hannu. Kafin sokewa a Daular Larabawa, ana miƙa wa ma'aikaci takarda ya sa hannu cewa ya karɓi dukkan haƙƙinsa. Mutane da yawa suna sawa don kunya ko gaggawa, bisa alƙawarin za a turo kuɗi daga baya, kuma wanda ya sa hannu ya raunana ƙararsa da kansa. Haƙƙin kuwa, wato kuɗin sallama na ƙarshen aiki, ba kyauta ba ne, doka ce ta yanka shi. A Daular, albashin kwana 21 ne ga kowace shekara cikin biyar na farko, sannan na kwana 30 ga shekarun da suka biyo, kuma a biya cikin kwana 14 da ƙarewar aiki. A Saudiyya rabin albashin wata ne ga kowace shekara cikin biyar na farko, sai cikakken wata bayan haka, ko da yake ana ragewa ga wanda ya ajiye aiki da kansa. Tikitin komawa gida ma a wuyan kafili yake idan kwantiragi ya cika. Riƙe fasfon ma'aikaci haramun ne a dokar ƙasashen biyu, duk da cewa har gobe ana yi.

Wasu ƙasashe

Amurka na ba mai bizar H-1B, ta ƙwararrun ma'aikata, kwana 60 bayan rasa aiki, tun 2017. Birtaniya ma takan rage bizar ƙwararren ma'aikaci zuwa kwana 60 idan mai ɗaukar nauyinsa ya sanar da rabuwarsu, abin da ya shafi likitoci da ma'aikatan jinya 'yan Arewa. A Najeriya kuwa katin CERPAC, wato izinin zaman baƙo, a ɗaure yake da gurbin da Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta ba kamfaninsa, don haka injiniyan waje da ke aikin hanya a Katsina, in ya bar kamfanin, sai sabon kamfani ya nema masa izini a Hukumar Shige da Fice.