Bam ɗin Oklahoma: Ba Larabawa ne suka dasa shi ba

Har yau a majalisun Sakkwato, ko a teburin mai shayi a Mabera, idan zancen bam ɗin Oklahoma ya taso za ka ji wani ya ce aikin mutanen Usama bin Laden ne. Sam ba haka ba ne.

Ranar 19 ga Afrilu, 1995, wata babbar mota maƙare da bam ta tarwatse a gaban ginin gwamnatin tarayya na Alfred P. Murrah da ke birnin Oklahoma a Amurka. Mutum 168 suka rasu, 19 daga cikinsu yara ƙanana, domin akwai wurin renon yara a ginin. Kafofin watsa labaran Amurka suka yi ta nuna yatsa ga Gabas ta Tsakiya, har aka tsare wani Ba'amurke ɗan asalin Jodan a filin jirgin Landan, alhali bai ji ba bai gani ba. Daga nan kuskuren ya samo tushe.

Wanda ya aikata shi ne Timothy McVeigh, farar fata haifaffen jihar New York, tsohon soja da ya yi yaƙin Tekun Fasha. Abokinsa na soja, Terry Nichols, ya taya shi shiri na watanni. Ƙiyayyar gwamnati ce ta ingiza shi, musamman kan abin da ya faru a Waco, a jihar Texas, inda mutane sama da 70 suka mutu a 1993 bayan jami'an tsaro sun yi wa wata ƙungiyar addini ƙawanya. Da gangan ya zaɓi ranar da abin da ya faru a Waco ya cika shekara biyu.

Ɗan sanda ya tsayar da shi a ranar harin saboda motarsa ba ta da lamba. An zartar masa da hukuncin kisa a 2001, Nichols kuwa ɗaurin rai da rai.