Waiwaye: Yadda Rashin Tabbas a Wurin Aiki Ya Shiga Baitukan Mawaƙan Indie na Birtaniya

A watan Janairun 1977 wasu samari a Manchester, 'yan ƙungiyar Buzzcocks, suka ranto kimanin fam 500 wajen dangi da abokai, suka buga faifai mai waƙoƙi huɗu da kansu, ba su je roƙon manyan kamfanonin Landan ba. Faifan ya shiga kasuwa, sauran matasa suka ga ashe abin ba gagara-badau ba ne. Shagon Rough Trade da Geoff Travis ya buɗe a yammacin Landan a 1976 ya fara fitar da faifai a 1978, shekarar da Tony Wilson da abokansa suka kafa kamfanin faifai na Factory a Manchester. Zuwa 1980 har an buɗe wa irin waɗannan ƙananan kamfanoni jadawalin ciniki nasu na daban. Daga nan sunan indie, wato mai zaman kansa, ya bi kiɗan jitar da suke fitarwa.

Lokacin ya zo daidai da rushewar masana'antu. Margaret Thatcher ta hau mulki a watan Mayun 1979, kuma a Janairun 1982 marasa aikin yi suka haura miliyan 3. Masana'antun ƙarfe na Sheffield, na motoci a Coventry, tashar jiragen ruwa ta Liverpool, duk sai sallamar ma'aikata. Yaron da ubansa da kakansa suka tsufa a masana'anta ɗaya ya gama makaranta ya tarar da ƙofa a garƙame. Abin da ya shiga baituka ke nan: farkawa da rana tsaka babu inda za a je, bin layin sa hannu a ofishin tallafi duk mako biyu, ɗakin haya mai sanyi, garin da gidajen rawarsa suka mutu. A Yulin 1981, lokacin da tarzoma ke ci a unguwannin Toxteth ta Liverpool da Moss Side ta Manchester, waƙar da ke kan gaba a duk ƙasar ta 'yan Specials ce daga Coventry, kuma kan mutuwar gari da rashin aiki take, ko da yake salon kiɗansu ya fi kusa da na Jamaika.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan labarin. Kuɗin tallafin nan, duk ƙanƙantarsa, shi ya riƙe mawaƙan. Ba ya isar mutum ya wadata, amma yana biyan abinci, hukuma na taimakawa da haya, sauran yini kuma na mutum ne. Ɗan leburan da ba shi da gado zai iya shafe shekara uku yana koyon jita, yana rubutu yana yagawa, har ya gano muryarsa. Jarvis Cocker na ƙungiyar Pulp ya daɗe a kan wannan tallafi a Sheffield kafin duniya ta san shi. Gwamnatin Thatcher da kanta ta fito da wani shiri a farkon shekarun 1980, mai ba marar aiki fam 40 a mako har shekara guda idan zai kafa sana'a kuma ya nuna fam 1,000 na jari. Alan McGee na cikin waɗanda suka ci moriyarsa wajen tsayar da kamfanin Creation. Talauci ne na gaske, ba na ƙawata shi, sai dai talauci ne da ya bar wa mutum lokacinsa.

Wasu sun shiga siyasar jam'iyya kai tsaye. An yi wasannin tara kuɗi ga masu haƙar kwal a yajin aikin 1984 zuwa 1985, sannan Billy Bragg da Paul Weller suka jagoranci tafiyar mawaƙa mai suna Red Wedge a 1985 don jawo matasa ga jam'iyyar Labour. Labour ta faɗi zaɓen 1987, tafiyar ta watse a 1990. Waƙoƙin da suka fi daɗewa a kunnen mutane su ne waɗanda suka tsaya kan rayuwar mutum ɗaya da albashinsa.

Daga nan ƙofa ta fara rufuwa. Sashen rarraba kaya na Rough Trade ya durƙushe a 1991, Factory ya karye a 1992. A Oktoban 1996 aka kawo sabon tsarin tallafi da ke tilasta wa mutum kawo shaidar yana neman aiki, in ba haka ba a yanke masa kuɗi. Bayan rikicin bankuna na 2008 da tsuke bakin aljihun da ministan kuɗi George Osborne ya fara a 2010, sai wani irin aiki ya yaɗu: kwantiragin da bai lamunce wa ma'aikaci ko awa ɗaya ba. Sunanka na cikin littafin kamfani, amma sai an turo saƙo a waya ka san ko gobe akwai aiki. Wannan mako awa 40, mai zuwa awa 6, haya kuwa ba ta sauyawa. A 'yan shekarun nan ƙididdigar hukuma ta nuna masu irin wannan kwantiragi sun kai kusan miliyan guda, ban da direbobi da masu kai abinci da manhaja ke juyawa.

Baitukan sai suka sauya. Kukan da ake yi a da na rashin aiki ne, yanzu na aikin da ba ya riƙe mutum ne: ɗakunan ajiyar kaya, cibiyoyin amsa waya, manajan da ke murmushi yana rage maka awanni, gajiyar da barci ba ya gusarwa. Jason Williamson na ƙungiyar Sleaford Mods a Nottingham yana aikin ba masu neman tallafi shawara a wata ƙaramar hukuma har zuwa 2014, ya haura shekara 40 kafin waƙa ta fara ciyar da shi, kuma zafin da ke bakinsa daga teburin nan ya ɗauko shi.

Me irin wannan waƙa ke yi wa mai saurare? Tsarin aikin wucin gadi yana raba mutane ɗaya-ɗaya, kowa da wayarsa, kowa yana zaton shi ne bai iya ba. Idan mutum ya tsaya cikin ɗari biyu a ƙaramin ɗaki, ya ji duk suna rera damuwarsa, ya san matsalar ba daga shi kaɗai take ba. Ina ɗaukar wannan da muhimmanci ƙwarai. Amma haƙƙi ta wata hanya ya zo: direbobin manhajar tasi ta Uber sun kai ƙara da goyon bayan ƙungiyar ƙwadago, suka yi shekaru suna shari'a, har Kotun Ƙoli ta yanke a Fabrairun 2021 cewa ma'aikata ne, suna da haƙƙin mafi ƙarancin albashi da hutu mai biya.

Su kansu mawaƙan yanzu suna cikin jirgi ɗaya da masu sauraronsu. Cinikin faifai ya ja baya, abin da ake samu daga sauraro ta intanet bai taka kara ya karya ba, kuma daga 2024 dandalin sauraron waƙa na Spotify ya daina biyan komai kan waƙar da ba a saurara sau 1,000 a shekara ba. Ƙungiyar Music Venue Trust, mai kare ƙananan gidajen kiɗa, ta ce ƙananan gidajen wasa 125 ne suka rufe ko suka daina kiɗa a 2023 kawai. Wannan yake damuna, domin idan sai mai iyayen da za su biya masa haya ne zai iya jurewa shekarun koyo, to labarin ma'aikacin ɗakin ajiya zai rasa mai ba da shi daga ciki. A Nuwamban 2024 gwamnati ta goyi bayan a riƙa cire wani abu daga tikitin manyan filayen wasa a tallafa wa ƙananan gidajen, sai dai ta bar shi a matsayin ganin dama.