Aikin binciken ɗalibai a lissafin ɗaiɗaiku

Aikin bincike a lissafin ɗaiɗaiku wata hanyar koyarwa ce da malamin sakandare ke ba ɗalibi ko rukunin ɗalibai tambaya guda, su yi makonni suna nazarinta, sannan su rubuta abin da suka gano tare da hujjarsa. Lissafin ɗaiɗaiku shi ne reshen da ya shafi abubuwan da ake ƙirgawa ɗaya-ɗaya, kamar garuruwa da hanyoyin da suka haɗa su, ko ranakun mako, ko yawan salon da za a iya jera abubuwa. Wasu sassansa, kamar rukunai (tarin abubuwa) da manɗiƙi (ilimin kafa hujja) da lissafin zagaye (irin na agogo), suna cikin manhajar babbar sakandare a Nijeriya, ana kuma tambayarsu a WAEC da NECO. Ya dace da makarantun karkarar Kano da Jigawa domin ba ya bukatar ɗakin gwaji ko lantarki. Takarda, fensir, tsakuwa da ƙasar rubutu sun isa.

Tushen wani babban sashe na fannin ma daga irin wannan tambaya ya fito. A 1736 Leonhard Euler ya duba gadoji 7 na birnin Königsberg, wanda yau ake kira Kaliningrad a Rasha, ya nuna ba yadda mutum zai bi kowace gada sau ɗaya tak. Ya mai da kowane yanki ɗigo, kowace gada layi. Hujjarsa ita ce, in ɗigogin da layukansu ba su rabu biyu daidai ba suka wuce biyu, tafiyar ba za ta yiwu ba. Ɗan aji biyu zai iya zana lungunan unguwarsu haka, ya tambaya ko mai tallan kunu zai ratsa kowane lungu ba tare da maimai ba.

Zaɓen tambaya shi ne mafi wuyar aikin malami. Tambaya mai kyau ita ce wadda ƙaramarta ke warwaruwa da hannu cikin kwana ɗaya, babbarta kuwa ta gagari ƙirga, ta tilasta wa yaro neman ƙa'ida. Ɗauki ɗan kasuwa mai bin kasuwanni 5 ya dawo gida: jerin da zai iya bi 120 ne, ko 60 in an ɗauki tafiya da juyinta abu guda. In kasuwannin suka kai 10, jerin ya zama 3,628,800. A nan ɗalibi ke ajiye fensir ya fara tunani. In aka ƙara sharaɗin ranakun cin kasuwa, Maigatari ran Alhamis, Wudil ran Juma'a, sai tambayar ta sake kama, domin yawancin jerin sun faɗi.

Hatimi ma fage ne mai albarka, kuma yaran da suka yi makarantar allo sun san kamanninsa. A gida tara, ana jera 1 zuwa 9 yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15. Cika gidajen ba wuya. Abin da ake nema daga ɗalibi shi ne ya faɗi dalilin da ya sa dole 5 ta zauna a tsakiya. Wanda ya ƙoshi da wannan sai a tura shi gida 16, inda jimillar kowane layi 34 ce, kuma akwai jeri 880 mabambanta in an ɗauki hatimi da juye-juyensa abu guda. Malam Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan hanyoyin gina irin waɗannan hatimai, kuma ya kamata ɗaliban ƙasar Hausa su san da zamansa.

Sauran batutuwa sun haɗa da shafa wa taswirar ƙananan hukumomi 27 na Jigawa ko 44 na Kano launi, ba tare da maƙwabta sun yi launi ɗaya ba. An yi hasashen cewa launi 4 sun isa kowace taswira a 1852, amma sai 1976 Appel da Haken suka tabbatar da taimakon kwamfuta. Akwai dara mai gurbi 30 da 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa, da jadawalin gasar ƙwallo inda ƙungiyoyi 10 ke bukatar wasa 45 in kowace za ta kara da kowace sau ɗaya.

Wajen jagora, malami kan raba aikin mataki-mataki a cikin zango: tsara tambaya, gwada ƙananan misalai, yin hasashe, sai neman hujja. Kowane rukuni na riƙe littafin da ake rubuta komai, har da gwajin da bai ci ba. Rukunin mutum uku ya fi na shida, don a babban rukuni mutum ɗaya ke aikin, saura su sa suna. A ƙauye dole a lura da lokaci: aikin da aka bayar dab da girbi, ko wanda ke bukatar 'yan mata su fita da yamma tattara bayanai, da wuya ya kammalu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar misali a matsayin hujja. Yaro zai ce, "Malam, na gwada sau biyar, duk ya yi." Amsar malami ba ta wuce, "To, na shidan fa, me zai hana shi ƙi?" Malamin da ya yi gaggawar faɗin amsa ya kashe binciken. Wayar hannu kuma ta kawo kwafe daga intanet, shi ya sa ake sa ɗalibi ya tsaya gaban allo ya kare aikinsa, a sauya masa lamba ɗaya a ga ko zai iya bi. Yawancin maki na tafiya ne ga bayanin dalili da littafin gwaji, kaɗan ga amsar ƙarshe.