Hej fand: asusun da aka raɗa wa sunan shinge

Duk lokacin da sunan George Soros ya fito a labarai, sai ka ji mai fassara ya ce attajirin da ya kafa "gidauniyar zuba jari", wani ma ya ce "asusun tallafi", alhali abin da Turawa ke kira hej fand, wato asusun da ke juya kuɗin masu jari don neman riba, ba ya tallafa wa kowa. Soros yana da gidauniyar ba da taimako, amma ita wurin kashe dukiya ce, asusunsa na Quantum kuwa wurin tara ta ne, kuma shi ne ya ci ribar kusan dala biliyan 1 a watan Satumba na 1992 sa'ad da darajar fam ɗin Ingila ta faɗi.

Kalmar hej shinge take nufi, irin wanda manomi ke kewaye gonarsa da shi. Wanda ya fara wannan sana'a shi ne Alfred Winslow Jones, haifaffen Melbourne ta Ostireliya a 1900, masanin zamantakewa da ke rubutu a mujallar Fortune ta Amurka, wanda a 1949 ya haɗa dala 100,000, 40,000 daga aljihunsa, ya shiga kasuwar hannun jari. Dabararsa ita ce ya sayi hannun jarin kamfanonin da yake ganin za su tashi, sannan ya aro na waɗanda yake ganin za su faɗi ya sayar. Misalinsa mutumin da ya ari buhun gero goma wurin maƙwabcinsa a tsakiyar damina ya kai kasuwa ana tsada, da kaka ta yi ya sayo goma da araha ya mayar, ya riƙe abin da ya rage. Idan kasuwa ta rushe gaba ɗaya, ribar abin da Jones ya aro ya sayar takan toshe ɓarakar abin da ya saya. Wannan ne shingen.

Abin da ke damuna shi ne sunan ya tsaya, shingen kuwa galibi an cire shi. Da yawa cikin waɗannan asusai yau bashi suke ɗebowa ninkin-ba-ninkin jarinsu su zuba a kan hasashe guda, kuma haka wani irin wannan asusu mai suna Long-Term Capital Management ya durƙushe a 1998, duk da cewa cikin shugabanninsa akwai mutum biyu masu kyautar Nobel, har sai da bankuna suka haɗa kimanin dala biliyan 3.6 suka tallabe shi. Abin da magada suka riƙe gam daga Jones shi ne kashi 20 cikin 100 na riba da yake ɗauka, suka kuma ƙara ladan kashi 2 na jarin duk shekara, ko an ci riba ko an tafka asara.